Tiyo Biyu da Kan Sandar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta girmamawa daga ƙanwarka, tare da fatan takardar nan za ta riske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya da juriya, Ya sa albarka a aikin da ya nisanta ka da mu, Ya kuma nuna mana ranar dawowarka. Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Damina ta zauna daram, sanyin kan tudun nan kuwa ka san shi, bai canza hali ba. Kajina suna ƙwai yadda ya kamata, ban da tsofaffin da suka ga dama suka tafi hutu. Gwaggo ta zo ta ɗan kwana biyu ta koma, ta bar mana gidan cike da shawarwari. Rufin ɗakinka da ke yoyo na sa an gyara, littattafanka ba abin da ya same su.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da ka ji kalmar asibiti sai hankalinka ya tashi, ka shiga ba da umarni, ni kuma in yi shiru, mu rabu kowa da haushin kowa. Ka tuna ranar da ka tambaye ni lambar takalmin Mama, kana so ka aiko mata da irin mai laushin nan na masu ciwon sukari, na ce maka ka dakata tukuna, ka ce na cika taurin kai? Ba taurin kai ba ne a ranar. Ka zauna ka karanta a natse, za ka ga dalili.

Ka san Mama ba ta yarda in tafi kai ƙwai kasuwa ni kaɗai. Kujerar gefen direba a cikin a-kori-kurar Baba tata ce tun yana raye, kuma rasuwarsa ba ta sauke ta ba. Ranar da abin ya faru muna dawowa ne cikin ruwan sama, ta ce sanyi ya shige ta, sai na murɗa hita har ƙarshe. Muna hawan tudu gilashin gaba ya yi hazo mai maiƙo, na goge da hannu ya ƙi goguwa, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika motar. Na tambaye ta ko tana jin warin, ta ce ita ba ta ji komai ba, ta juya fuska wajen taga. Da muka iso gida na zagayo in kama ta ta sauko, sai na ga safarta ta dama sharkaf da koren ruwa, tana tururi. Ruwan lagireto mai tafasa ne yake zubo mata daga ƙarƙashin dashbod tun daga ƙasan tudu. Ka san yadda sukarin ya kashe mata ƙafafu. Ko a jikinta. Da na zare safar, fatar bayan ƙafar ta biyo ta. Yaya, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na zuba mata ruwan sanyi, na ɗora ƙafafun a kan kujera, na juya motar muka nufi asibiti, ina tsayawa a hanya inji ya huce in ƙara ruwa. Da ƙyar motar ta dawo da mu gida, allurar zafi tana leƙen ja. A ƙofar gida na kashe ta, nan ta tsaya.

Washegari na ɗaga tabarmar robar da ke ƙarƙashin kujerar Mama don in ga daga ina ruwan yake fitowa. Abin da na tarar shi ne tsofaffin tawul na Baba, an ninke su an jera tsaf, duk sun rine sun zama kore. Ba aikin rana ɗaya ba ne. Na kwaso su na kai mata ɗaki na ajiye a gabanta. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta gaya mini gaskiya. Ta ce tun farkon sanyin bara ta lura ruwa yana ɗiga a wurin, kaɗan-kaɗan. Ta ce kullum da safe, idan na shiga ɗakin kaji, sai ta lallaɓa ta buɗe murfin inji ta ƙara ruwa da butarta, ta matse tawul ta sa busasshe. Ni kuma ina ta yawo ina cika baki a kasuwa cewa motar Baba ko ruwa ba ta sha. Na tambaye ta me ya sa ta ɓoye mini. Ta ce ai tana zaune a falo lokacin zuwanka na ƙarshe, ta ji ka ce wa Kawu duk ranar da motar nan ta sake kawo matsala, a sayar da ita kowa ya huta. Ta ce ta san kai ba ka magana biyu.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba, na ce yanzu ga shi ta sayar da ƙafarta don ta fanshi tsohon ƙarfe. Can sai ta ce a cikin motar nan ne kaɗai har yanzu take jin kamar in ta waiwaya za ta gan shi riƙe da sitiyari. Sai na kwashe tawul ɗin na je na wanke.

Likita ya ce ƙunar ta yi zurfi, kuma ƙafar mai sukari ba ta yafe sakaci. Ya ce a riƙa kawo ta wanki a kan kari, ba fashi, domin idan ciwon ya ruɓe ya kai ƙashi, ba abin da ya rage sai a yanke. A gabanta ya faɗa, bai sakaya ba. To ga mota a kwance, ga hanyarmu da ruwa ya cinye. Na samu wani mai tasi ya hau sau ɗaya, ƙasan motarsa ya daki dutse, ya ce ko me zan ba shi ba zai sake ba. Maƙwabcinmu ya ce zai ɗauke ta a babur, amma ina za a kai ƙafa mai ɗanyen ciwo a cikin wannan taɓo? Haka muka rasa wanki ɗaya. Da na buɗe bandejin in duba, gefen ciwon ya fara duhu, kuma akwai wari. Na ɗauki hoto na tura wa nas ɗin da ke yi mata wanki, ta kira ni nan take ta ce gobe da safe ta ga Mama a gabanta, ko a goye ne. A wannan yinin ne ka kira ka ce kada in kuskura in sake tayar da motar da ta ƙona uwarmu, Kawu ya samo mai saye, sannan ka tambayi lambar takalmi. Ni kuwa a lokacin ban san ko takalmi nawa Mama za ta buƙata ba. Shi ya sa na ce ka dakata.

Ina ajiye wayarka na kira tsohon makanikin Baba, wanda muke ce wa Kawu Sifana. Na same shi kwance da ciwon baya, ko miƙewa ba ya iyawa, balle hawan tudu. Na kwatanta masa abin da na gani. Ya ce ɗan ƙaramin lagireton hita ne ya fashe, wanda ke ɓoye a bayan dashbod, ruwan inji mai zafi yake bi ta cikinsa ya ɗumama ɗakin direba. Ya ce canza shi sai an kwance dashbod gaba ɗaya, kuma na irin wannan tsohuwar motar sai an aika an nemo, ba aikin yau ko gobe ba ne. Na ce masa ni gobe nake da ita. Sai ya ce akwai dabara. Ya ce in duba bangon ƙarfen da ya raba inji da ɗakin direba, zan ga tiyo biyu sun shiga ta wajen kujerar fasinja, ɗaya yana kai ruwan, ɗaya yana dawo da shi. In na cire su na haɗa bakinsu da juna, ruwan zai riƙa zagayawa a cikin inji, ko ɗigo ba zai sake shiga wajen ƙafar Mama ba. Ya ce abin da za mu rasa shi ne ɗumi, kuma gilashi zai riƙa hazo ba abin share shi. Ya tambaye ni ko zan iya. Na ce masa ya manta wa Baba yake miƙa wa sifana ya riƙe? Ya yi dariya har bayan ya motsa, ya ce ai shi ya sa kake kirana Karen Mota.

Na san ka hana. Na auna maganarka, na auna ƙafar Mama, na ga ba su zo ɗaya ba. Na ɗaura ɗankwali tamau, na sa tsohuwar rigar aikin Baba, na jawo akwatin kayan aikinsa. Mama ta ce ba za ta zauna a ɗaki ba, dole na fito mata da kujera baranda, na ɗora ƙafar a kan matashi. Daga nan take gaya mini inda Baba yake ajiye kowane ƙarfe, kuma ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Inji a sanyaye yake, don Kawu Sifana ya ja kunnena cewa ba a taɓa tiyo ko murfin lagireto da zafi. Na tara roba a ƙasa, na sassauta kilif ɗin da ya matse bakin tiyo na farko da sukundireba. Tiyon ya manne wa bututunsa kamar tare aka haife su. Na ja, na murɗa da filaya, na zage shi a zuci, sai da na ɓare bayan yatsuna a jikin ƙarfe sannan ya saki, ruwa mai tsatsa ya wanke mini hannu har gwiwa. Na biyun bai ba ni wahala haka ba. Ruwan da ya taru a roba na juye a jarka na rufe, don Kawu Sifana ya ce guba ne, kuma zaƙinsa yana jan dabbobi, ga kajina da ba sa barin komai.

A nan aikin ya tsaya cik. Tiyon biyu a jere suke, bakinsu yana kallon wuri ɗaya, kuma sun yi gajarta, ba yadda za a juya su su fuskanci juna. Na gwada lanƙwasa ɗaya in mayar da shi inda ɗayan ya fito, sai ya ninke a tsakiya ya toshe, ko iska ba za ta wuce ba. Na sake kiran Kawu Sifana, ya ce sai na sami bututun ƙarfe mai lanƙwasa kamar ƙugiya, wanda kaurinsa ya yi daidai da bakin tiyo. Na birkice akwatin Baba, na birkice ɗakin ajiya, na kwance bututun tsohon famfo, wannan ya yi kauri, wancan miƙaƙƙe ne. Rana ta karkata, hadari yana haɗuwa. Na zauna a kan taya hannuna duk baƙin mai, hawaye suna zubo mini don haushi, amma ko a raina ban ce na haƙura ba.

Mama tana kallona daga baranda. Sai ta ce in shiga ɗakinta in ɗauko sandar Baba. Ka san ta, sandar ƙarfen nan mara nauyi mai lanƙwasasshen kai, wadda ya dogara da ita a shekararsa ta ƙarshe. Tun ranar da ya rasu tana rataye a kan gadonta, ko yara ba ta bari su taɓa. Na kawo mata, ta karɓa, ta zare soson da ke kan mariƙin da hannunta, sai ga bututu fari tas, a lanƙwashe daidai yadda Kawu Sifana ya kwatanta. Ta miƙo mini ta ce in yanke. Na ce mata a'a, zan nemi wani abu. Ta ce Baba bai taɓa ajiye ƙarfe don kallo ba, kuma da yana nan da tuni ya yanke ya wuce wurin. Ta ce ita ta jawo wannan aikin da butarta, to ta ba da abin da za a gyara. Na sa zarto. Duk tsawon yankan ba ta kau da kai ba, ni ce ma na kasa kallonta.

Na goge bakin bututun da magagari don kada ya yanki tiyo. Ya ɗan fi bakin tiyon kauri, sai na tsoma bakunan a ruwan zafi suka yi laushi, na shafa sabulu, na tura da dukan ƙarfina har suka shige sosai. Na mayar da kilif na ɗaure tam. Bututu biyun da suka rage a jikin bango na toshe su da roba don kada datti ya shiga. Na cika lagireto, na bar murfin a buɗe na tayar da inji, kamar yadda aka ce mini, don iskar da ta shiga ta fita. Ruwan ya yi ta kumfa yana sauka, ina ƙarawa, har ya daina. Na rufe, na tsaya ina kallon allurar zafi. Ta hau zuwa tsakiya ta tsaya a nan. Na leƙa inda na haɗa, a bushe. Na shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin dashbod wajen kujerar Mama, na bar injin ya yi ta aiki, na sauka da motar har gindin tudu na hau. Takardar ta dawo fara kamar yadda ta tafi. Na kai wa Mama ita, ta shafa ta da tafin hannu, ta ce to madalla, in je in wanke fuskata na yi kama da Baba.

Da sassafe muka kama hanya cikin yayyafi. Na naɗe ta da bargo biyu saboda ba hita, ƙafar kuma a kan matashi. Ba mu yi nisa ba gilashi ya rufe da hazon numfashinmu, ga hanya mai santsi, ga rami ta gefe. Na sauke gilashin taga kaɗan, bai wadatar ba. Ina shirin tsayawa sai na ga Mama ta zaro ɗaya daga cikin tawul ɗin Baba daga ƙarƙashin bargo, waɗanda na wanke, ta miƙa hannu tana goge mini gilashi. Haka muka sauka, ina tuƙi tana gogewa, tana yi mini faɗa cewa ina taka birki da yawa. Nas ta karɓe mu a bakin ƙofa. Likita ya yanke naman da ya mutu, ya ce mun zo a kan gaɓa, da mun ƙara jinkiri da maganar ta canza.

Tun daga ranar ba mu sake fashin wanki ba, ko ana ruwa ko ba a yi. Kullum da safe ni nake duba ruwan lagireto da kaina, kuma na ɗauke butar Mama daga baranda, ta ce na mayar da ita ɓarauniya. Kafin ta shiga mota sai ta sunkuya ta taɓa ƙasan wurin zamanta da hannu, tunda ƙafar ba za ta gaya mata ba. Da bayan Kawu Sifana ya yi sauƙi na kai masa motar ya duba. Ya buɗe murfin inji, ya ga kan sandar, ya gane ta. Daga baya ya ƙara kilif ɗaya a kowane gefe, ya ce bututun ba shi da leɓen da zai riƙe tiyo, ya kuma ce ya aika a nemo sabon lagireton hitar. Na ce masa idan ya zo ya ajiye, ba za a kwance dashbod ba sai ranar da likita ya sallame mu, domin motar ba ta da lokacin kwanciya yanzu.

Yanzu ga abin da nake so ka sani, Yaya, kuma da ladabi nake faɗa. Mai sayen da Kawu ya turo ya zo, na ba shi ruwa ya sha, na sallame shi. Ba za a sayar da motar nan ba. Na san tsoro ne ya sa ka faɗi abin da ka faɗa, kana nesa kana jin labari rabi-rabi, kuma na san babu wanda ya fi ka son Mama. Amma ita ce kaɗai motar da ke hawa tudun nan, kuma maganar sayarwar ce ta sa tsohuwa ta yi wata da watanni tana matse tawul a ɓoye. Idan ka kira ta, don Allah kada ka yi mata faɗa, na riga na yi mana mu biyu, har ya yi yawa. Ka gaya mata da bakinka cewa ka janye maganar. Daga gare ka take jiran ji, ni ko na rantse ba ta yarda. In kana da fushin saɓa umarninka, ka ajiye mini shi har ka zo, ina nan ba inda za ni.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata man shafawar da ta aiko yana yi wa Mama amfani. Ka gaishe da Babban Yaya ƙarami da 'Yar Baba da Auta, ka ce wa Auta kazar da ya sa wa suna ta fara ƙwai. Gwaggo da Kawu suna gaishe ku, Kawu Sifana ma ya ce in miƙa gaisuwarsa. Mama tana sa muku albarka, tana zaune kusa da ni yanzu tana tambaya ko na rubuta cewa ita take goge gilashi.

Jiya likita ya buɗe ciwon, ya kira ni in gani. Jan nama ya cika ramin, sabuwar fata ta fara rufowa daga gefe. Ya ce ya ajiye maganar yanka. Saboda haka ka je ka sayi takalmin nan, lambarta tana nan yadda ka san ta. Ka aiko ƙafa biyu.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Karen Mota